Allurar Yayanku da Cinikin Babanku

Kun sha tambayata, ke Hadiza musamman da bakinki ba ya hutawa, me ya sa duk cikin sa'o'ina a Tsafe ni kaɗai nake kiran ɗana na fari da sunansa, gatsau, ko a gaban surukai. Na san abin da aka gaya muku. Wasu sun ce zaryar Gusau ce ta buɗe mini ido, wasu sun ce tun asali ba ni da ta ido. Duk shaci-faɗi ne. Kafin in ɗauki biro sai da na nemi izinin yayanku, domin sirrinsa ne kafin ya zama labarina. Ya shafa gemu ya yi dariya, ya ce in rubuta, amma kada in rage wa babanku komai. To ba zan rage ba. Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, bai taɓa barin gidansa da yunwa ba. Amma a shekarar da zan ba ku labari ya ƙure ni ƙurewar da har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

Ku da kuke goya 'ya'yanku na fari kuna yi musu rawa a gaban kowa, ba lallai ku gane yadda muka tashi ba. A wurinmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ranar da aka yaye yayanku, kakarku Inna, uwar babanku, ta ɗauke shi ta kai ɗakinta, shi ke nan. Gida ɗaya muke, tsakar gida ɗaya, amma in ya faɗi ya fasa gwiwa sai in kau da kai in ci gaba da tankaɗe. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. In dole ta kama sai in ce wancan, ko yaron Inna. Shi kuma Yaya yake ce mini, kamar yadda ƙannen babanku suke faɗa. Ba wanda ya tilasta mini, kada ku ɗora wa kowa. Haka na ga uwata ta yi, kuma ina alfahari da ana cewa ina da kunya.

Sai dai kau da kai bai hana ido gani. Na ga sa'o'insa sun fara fitar da gashin baki, muryoyinsu sun buɗe, wasu har an fara yi musu maganar aure. Shi kuwa tsawo kawai yake yi, hannuwa zalau-zalau, fuska sumul, muryar nan tana nan siririya yadda take tun yana ɗan makaranta. Ya kai shekara ashirin a haka. Inna ta ce jinkiri ne irin na dangin uwa, ta faɗa da ƙarfi don in ji. Ta shayar da shi jiƙe-jiƙe iri-iri, saiwoyi da sassaƙe, har ɗakinta ya koma warin magani. Ba abin da ya motsa.

Babanku, kun sani, hatsi yake saye da sayarwa. Yayanku shi ne mai yi masa awo a rumfa. Shekara ɗaya ko biyu bayan an yi mana jiha, lokacin da Gusau ta cika da baƙin ma'aikata komai ya yi tsada, wani buhun masara ya zame daga kan tari ya danne masa hannu. Ba wani danna mai yawa ba, amma ƙashi ya karye. Mai ɗori ya ɗora, ya ƙi kamawa yadda ya kamata, dole babanku ya kai shi asibiti a Gusau. A can likita ya tambayi shekarunsa. Da aka ce ashirin sai ya ajiye biro ya sake dubansa. Aka ɗebi jini, aka aika gwaji wani gari, aka ce su dawo. Da suka koma likita ya zaunar da su ya yi musu bayani dalla-dalla. Ya ce akwai wani sinadari da jikin ɗa namiji yake yi, shi ne yake buɗe murya, ya fito da gemu, ya ƙarfafa ƙashi. Jikin yayanku ba ya yin wanda zai ishe shi. Amma akwai allurarsa, testosteron, sunan da na yi shekara ina ji kafin harshena ya iya juya shi. Wata-wata za a riƙa yi. Haihuwa dai bai yi alkawari ba, amma sauran za su zo da yardar Allah. Ya ce babu ita a asibitin, su saya a shagon magani su kawo a yi masa. Ya rubuta takarda, ya kuma ja kunnen babanku cewa kada a ja lokaci, don ƙashin yaron ba ya ƙwari.

Duk abin da ya faru a shagunan nan daga bakin babanku na ji, domin kullum ya dawo sai ya baje a tabarma a tsakar gida ya ba Inna labari, kamar wanda ya dawo daga yaƙi. A ranar farko ina durƙushe ina zuba masa ruwan wanke hannu ya fara.

"Inna, shago na nan daura da ƙofar asibitin, sabo hul, wani baƙo ke da shi. Na miƙa mai takarda, ya ɗauko wata 'yar kwalba, wallahi ba ta kai ɗan yatsana ba. Na ce nawa? Ya hwaɗi. Inna, rabin buhun gero!"

"Rabin mi?"

"Rabin buhu, kuma kowane wata. Na ce a'a, hwaɗi na gaskiya. Ya ce shi ke nan. Na taya rabi. Ko albarka bai ce ba, kallona kawai ya yi. Na juya na tahi sannu-sannu ina jiran ya kira ni. Har na kai bakin titi bai kira ba. Wane irin ɗan kasuwa ne wanga?"

Inna ta ce ɓarawo ne. Babanku ya ninke takardar likita ya cusa cikin naɗin hularsa, ya ce shi tun da ya fara kasuwa bai taɓa saye a hannun mai kayan farko ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Magana ta taso mini har maƙogwaro. Kuɗin nan yana aljihunsa a lokacin, na sani, don ni na ga ya ƙirga da safe. Amma ina uwar ɗan fari za ta sa baki a gaban suruka? Na haɗiye, na kwashe kwanuka.

Daga nan aka shiga yawo. Babu shagon maganin da babanku bai leƙa ba a Gusau, na Sabon Gari, na Tudun Wada, na bakin tasha, na cikin kasuwa. Wasu ba su taɓa jin sunan allurar ba. Wasu su ce sai an aiko daga Kano, ya dawo mako mai zuwa. Waɗanda suke da ita kuwa, bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Wannan ya fi wancan sauƙi da kuɗin tiya ɗaya ta gero, wato kwanon awo ɗaya, wani da tiya biyu. Shi kuwa in ya samu mai sauƙin tiya biyu, sai ya ce ai tunda an samu wannan, akwai mai tiya uku a gaba. Kuma ku tuna lokacin wahalar mai ce, motoci suna kwana a layi, kuɗin mota daga Tsafe zuwa Gusau ya ninka. Mutumin da zai gane an rage masa hatsi cikin buhu da ɗagawa kawai, ya kasa gane cewa abin da yake ba direbobi ya fi ragin da yake nema. Ranar da ya je Gusau kuma rumfa a rufe take wuni. Haba! Ni da ban yi kasuwa ba ina daka ina yin wannan lissafi a kaina, ina dukan turmi kamar shi ya yi mini laifi.

Abin bai tsaya nan ba. Kunya ta hana shi cewa ɗansa ne. Duk shagon da ya shiga sai ya rage murya ya ce wani maƙwabcinsa ne ya aiko shi. To dattijo mai furfura ya zo yana raɗa yana neman allurar maza, ya ce ta maƙwabci ce, me kuke zato za a ɗauka? Yaran shago suka riƙa murmushi, wani har ya jawo masa wasu ƙwayoyi daga ƙarƙashin kanta ya ce waɗannan sun fi saurin aiki. Kuskuren da ya fi kowanne shi ne da ya tambayi mai kemis na nan cikin Tsafe. Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari. Na je suna a unguwarmu, ina zama wata tsohuwar ƙawata ta matso ta dafa ni.

"Ashe Malam ƙarhi yake nema har Gusau? To Allah ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa."

Ɗaki ya ɗauki shewa. Me zan ce? In na wanke mijina na tona ɗana. Na yi dariyar yaƙe na ce su ji da nasu mazan, na dawo gida ban ko taɓa abincin sunan ba.

A tsakanin nan ne abin da ya karya yayanku ya faru. Wani manomi daga Bilbis ya kawo dawa, bai samu babanku a rumfa ba, ya biyo gida. Ya yi sallama a ƙofar zaure. Yayanku yana ciki yana ɗinke bakin buhu, ya amsa.

"Yarinya, maigidan na ciki?" in ji mutumin.

Ina tsakar gida, na ji da kunnena. Yayanku ya fito, mutumin ya ga zanƙalelen saurayi ya fi shi tsawo, ya daburce ya hau ba da haƙuri. Bai yi da gangan ba, bawan Allah. Amma samarin da suke zaune a dakalin ƙofar gida sun ji. Daga ranar duk inda ya gifta sai wani ya siranta murya ya ce maigidan na ciki. Yayanku bai yi faɗa da kowa ba. Shiru ya yi. Ya daina magana a waje, in an gaishe shi ya ɗaga hannu, in mai saye ya tambayi farashi ya nuna da yatsu. Daga baya ya daina zuwa rumfar gaba ɗaya. A cikin gida ma in ba raɗa da yake yi wa Inna ba, ba mai jin bakinsa. Gidan ya yi mini wani iri. Muryar da ake yi wa dariya, ni ita nake kasa kunne in ji kullum ta bayan katanga, tunda ba ni da ikon zama in yi hira da mai ita.

Kuna zaton wannan ya sa babanku ya koma ya saya? Ina! Cewa ya yi yanzu Gusau an san fuskarsa, Tsafe kuma bakin mutane ya yi yawa. Wani direban babbar mota ya gaya masa akwai mai magani a Bungudu, yana sayar da irinta rabin kuɗi. Mutumin nan ya hau mota daga Tsafe, ya ratsa Gusau, ya wuce ta gaban shagon farko da allurar take zaune tana jiransa, ya sake hawa wata motar zuwa Bungudu. Sai da ya yi zuwa biyu, don ran kasuwa kaɗai mai maganin yake kafa tebur. Da yamma ya shigo gida yana washe baki, da ɗan kwali a hammata.

"Kun gani? Haƙuri ke kasuwa! Na wata shida na kwaso gaba ɗaya, tunda na same ta da araha. Kuma ku ji mutumin kirki, har gyara ya yi mini. Kwalba biyu ya ƙara."

Gyara, jama'a. A allura. Kamar wanda ya sayi tumatir. Ya yi da maganin ɗansa yadda yake yi da gero da kaka, a saya da yawa lokacin araha a zuba a rumbu. Duk da haka ranar na ji sanyi a raina, na ce ko ta wace hanya dai ta zo. Washegari suka tafi asibiti. Malamar da take yin allura ta ɗaga kwalbar ta duba, ta sa farce ta kankare 'yar takardar da aka manna a jiki. A ƙarƙashi akwai wata, kwanan watan da ke kanta ya wuce da daɗewa. Ta duba sauran, duk haka. Ta ce ita ba za ta sa wa ɗan mutane wannan a jiki ba, ko ruwan ciki ma ba ta san mene ne ba. Babanku ya koma Bungudu ran kasuwa. Inda teburin yake, wata mata ya tarar tana suyar ƙosai.

Na ɗauka ya ji jiki. Na ce yau kam zai sunkuyar da kai ya je ya saya. Da ya shigo ɗakina, mu biyu kaɗai, ya cire takalmi ya zauna ya yi ajiyar zuciya, sai ya ce ya yi tunani. Yanzu damina ce, komai yana sama. A bari kaka ta yi, kaya za su sauko.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Malam, allurar a gona ake noma ta?"

Ya ɗago ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana.

"Ke, mi ya shahe ki? Ɗan hwari ne hwa. Ki bar mu da Inna mu ji da shi."

"Kun ji da shi. Tun bazara kuke ji da shi."

"To ba kuɗɗi yanzu, sun tahi Bungudu. Kuma kada in sake jin wagga magana a bakinki, abin kunya ne."



Bayan kwana kaɗan ina shara kusa da ɗakin Inna, na hango wata jaka a bayan ƙofa, an cusa tufafin yayanku an ɗaure. Inna tana zaune bakin ƙofa tana watsa wa kaji tsaba, idonta ja wur. Ba za ta gaya mini kai tsaye ba, girman kai da al'ada ba za su bar ta ba. Sai ta gaya wa kajin.

"Ku ci, ku ci. Mai ba ku ruwa zai bi motar shanu kurmi, can kudu, ran kasuwa. Ya ce can ba wanda ya san shekarunsa, sai a ɗauke shi yaro a ƙyale shi. Ya ce kada a neme shi."

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na san yaran da suka bi motar shanu da ƙafafunsu lafiya da muryarsu ta maza, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Balle wanda buhu ɗaya ya karya, wanda ba ya buɗe baki ya ce an cuce shi. Na tsaya ina kallon jakar nan. Shekara ashirin ina kau da kai don a ce ina da kunya, ga shi za a wayi gari babu wanda zan kau da kan daga gare shi.

Ina da tumaki biyu, na gadon uwata. A ranar na aika aka kira dillali. Ya duba su ya taya, tayin rainin hankali, yana jiran in ce albarka mu fara ja. Na ce na sallama. Sai da ya sake tambaya, don bai yarda da kunnensa ba. Da safe babanku ya fito alwalar walaha, ya cire hula ya ɗora a kan turmi yadda ya saba. Yana sunkuye yana wanke ƙafa na zare takardar daga naɗin hular na soke a bakin zane. Ta yi laushi tiɓis, ta sha gumi ta koma ruwan ƙasa. Yana fita kasuwa na yafa mayafi na nufi ɗakin yayanku. Ban taɓa tsayawa a ƙofar nan ba. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya.

"Kai. Tashi ka sa riga, Gusau za mu."

Ya juyo a firgice, ya duba bayana ko da wani nake. Ya ga ni kaɗai ce. Ya tashi ya sa riga. Inna ta fito tana salati, tana tambayar ina za ni da yaronta, wa ya ba ni izini. Na ce mata in Malam ya dawo ta ce masa na je sayen abin da ya kasa saye. Muka bi titi har tasha, ni gaba shi baya, mata suna leƙe ta kan katanga. A mota muka zauna kujera ɗaya, kafaɗarsa tana gugar tawa. 

Shagon farko na nufa, na daura da asibiti. A cike yake. Cikin masu jira har da wani mutumin unguwarmu mai sayar da taki, ya gan mu ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Na miƙa takarda. Mai shagon, baƙon nan da Hausarsa ba ta nuna ba, ya buɗe ta a hankali don kada ta yage. Ya ɗauko kwalba ya faɗi kuɗi. Farashi ya tashi. Watannin da babanku ya yi yana neman ragin tiya biyu, allura ta ƙara abin da ya fi tiya biyar. Takaici ya kama ni har na ji hawaye, amma ban taya ba. Na kwance bakin zane na ƙirga masa. Ya jawo 'yar ambulan zai rubuta, ya sake duba takardar, ya kai ta kusa da ido.

"Mama, sunan magani yana nan, hannun likita yana nan. Amma sunan mai allura ya goge. Yaya sunansa?"

Gumin hular babanku ya cinye sunan. Na juya na dubi yayanku don ya faɗa. Ya sunkuyar da kai, ya dafe kanta da hannu biyu. Shago cike da maza, ga mai taki a gefe. Na gane ko za a yanka shi ba zai fitar da muryar nan a wurin ba.

"Ɗan Malam ne, mai hatsi, na Tsafe," na ce.

"Sunansa nake so, Mama."

"Yaron Inna ake ce mai."

Mutumin ya ajiye biro. Ba da wulaƙanci ya yi ba, bai san al'adarmu ba ne kawai.

"Ba ɗanki ba ne? Ba ki san sunan ɗanki ba?"

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ni ban san sunansa ba? Ni da nake faɗarsa a zuci kowace sujada tun ranar da aka raɗa masa?  Na dubi mai taki, na dubi ƙeyar yaron nan da ya sunkuya.

"Lawali," na ce. Ya fito a shaƙe, sai na sake da ƙarfi. "Sunansa Lawali. Ni na haihe shi."

Ba kiransa na yi ba, tambaya na amsa. Amma sai ya ɗago kai ya dube ni, ido cikin ido, a gaban duk mutanen nan, da 'yar siririyar muryarsa da ya ɓoye wata da watanni.

"Na'am," ya ce.

Ba wanda ya yi dariya. Mai shago ya rubuta, muka tsallaka titi, malamar asibiti ta duba kwalba ta gyaɗa kai ta yi masa.

Labari ya riga mu isa Tsafe. Mun tarar da babanku a zaure, hula a hannu yana jujjuya ta. Na shirya jin komai, har saki. Ya dube ni ya dubi ɗansa, ya daɗe. Kun san abin da ya fito daga bakinsa?

"Nawa kika saye?"

Na faɗa.

"Innalillahi! An cuce ki. Ko tayawa ba ki yi ba?"

Ranar maƙwabta sun ji muryata. Na lissafa masa kuɗin mota, da kwalin Bungudu, da gyararsa, da tumakin uwata, da jakar da take ɗaure a bayan ƙofar Inna, wadda shi bai ma san da ita ba. Da na zo kan jakar sai ya zauna. Bai ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Amma da wata ya zagayo shi ya ajiye kuɗin a kan tabarmata, yana mita. Haka ya yi ta yi har ya bar duniya, kowane wata da mitarsa, don allurar ba ta taɓa saukowa ba, ko da kaka ko da bazara.

Na biya nawa farashin. Inna ta daɗe ba ta cin tuwona, ta ce na ƙwace mata yaro na kuma zubar da mutuncin gida a kasuwa. Matan unguwa suka sa mini marar kunya, sunan ya bi ni shekaru, har wata ta hana ɗanta neman ɗaya daga cikinku saboda shi. Tumaki ban sake mayar da su ba. Haihuwa kuma, kamar yadda likita ya faɗa, Allah bai ba yayanku ba, kun kuma san 'ya'yan dangi nawa ya riƙe ya aurar. Har gobe yana yin allurarsa, kuma jini ba wasa ba, sai ya buga waya shago uku ya ji farashi. Bambancinsa da babansa, ba ya fara tambaya sai ta wannan watan tana aljihunsa.

Jakar nan dai an kwance ta. Canji bai zo da sauri ba, har babanku ya fara cewa ko wannan ma jabu ce. Sai wata rana bayan an gama girbi, da la'asar, ina tsakar gida ina surfe, kaina ba ɗankwali saboda zafi. Na ji wani namiji ya yi sallama daga zaure, murya mai kauri, ban san ta ba. Na saki taɓarya na wawuri mayafi na rufe kai.

"Maigidan ba ya nan," na ce. "Wa ke sallama?"

 Sai dariya ta ɓarke, ta fara da kauri ta karye a tsakiya ta koma siririya, ta sake yin kauri. Ya leƙo, da ƙurar rumfa a rigarsa.

"Lawali! Kai ne ka sa ni neman mayahi? Shigo, don Allah, tuwonka na hucewa."

Daga cikin ɗakinta Inna ta ɗaga murya.

"Marar kunya," ta ce. Sai ta fyace hanci, ta ƙara da cewa, "Ce mai ya sake sallamar, ban ji da kyau ba."